Ƙuri'a 30 da kofin guba: abin da shari'ar Sukurat ke koyarwa

A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutum uku, Meletus da Anitus da Likon, suka maka masanin falsafa Sukurat (Socrates) a kotun birnin Atina na ƙasar Girka yana da shekara kusan 70. Zargi biyu suka yi masa: wai bai yarda da allolin gari ba har yana shigo da nasa, kuma yana lalata tarbiyyar matasa. Mai nazarin wannan shari'a ya fara da fahimtar tsarin kotun, don yawancin darussan a nan suke.

Babu alƙali guda, babu lauya, babu ɗaukaka ƙara. 'Yan gari kusan 500 ake zaɓowa ta hanyar ƙuri'ar sa'a, mai ƙara da wanda ake ƙara kowa ya yi magana da bakinsa, ana auna masa lokaci da tulun ruwa mai ɗiga, a kuma gama a wuni ɗaya. A ruwayar almajirinsa Aflatun, Sukurat ya koka cewa ɗan lokacin nan ba zai wanke tsohon ƙazafi ba. Yana da gaskiya. Tun 423 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), marubucin wasan kwaikwayo Aristofanis ya sa shi a wasan barkwanci, ya nuna shi yana koya wa matasa dabarar rinjayar gaskiya da zaƙin baki. Shekara 24 maganar tana yawo a gari. Ma'aikacin da ya bar jita-jita a kansa ta yi jijiya, ranar da aka kira shi gaban kwamitin bincike zai tarar an riga an yanke masa hukunci a zuci.

Ruwa kuma ba ya tsami banza. Kiritiyas, jigo a cikin azzalumai 30 da suka mulki Atina a 404, ya taɓa zama cikin masu bin Sukurat. Afuwar da aka yi a 403 ta hana a gurfanar da mutum kan abin da ya faru a wancan zamani, shi ya sa masana da yawa ke ganin an biyo da haushin siyasa ta ƙofar addini. Atina tana taƙama da cewa kowane ɗan gari yana iya faɗin ra'ayinsa, amma al'ada ce kawai, babu dokar da za ta tsare mai magana idan jama'a suka fusata.

Da me ya kāre kansa? Da abin da ya aikata a baya. A 406, yana cikin majalisa, taron jama'a ya nemi a yanke wa kwamandojin yaƙin Arginusai hukunci a dunƙule, ya ce hakan ya saɓa doka, ya ƙi goyon baya duk da barazanar kama shi. Zamanin azzaluman nan kuma aka aike shi da mutum huɗu su kamo Liyon mutumin Salamis don a kashe shi. Huɗun suka tafi, shi ya kama hanyar gida. Ya ƙi wa gwamnatin jama'a, ya ƙi wa ta kama-karya, a kan dalili ɗaya. A ganina wannan ya fi duk jawabinsa nauyi, domin wanda bai taɓa cewa a'a a ƙaramin abu ba, da wuya a yarda da shi ranar babba. Ya kuma ƙi kawo 'ya'yansa uku su yi kuka a gaban kotu, abin da masu neman sassauci suka saba yi.

Da aka ƙirga, ya ce da ƙuri'a 30 sun koma ɓangarensa da ya kuɓuta, wato kusan 280 da 220 ke nan. Sai mataki na biyu, inda abin ya ɓaci. Mai ƙara zai faɗi hukuncin da yake so, wanda aka kama ya faɗi nasa, kotu ta ɗauki ɗaya, babu tsaka-tsaki. Meletus ya nemi kisa. Da Sukurat ya nemi a kore shi daga gari, mai yiwuwa da an karɓa. Sai ya ce abin da ya dace da shi shi ne gari ya riƙa ciyar da shi kyauta kamar gwarzayen wasanni. Daga baya ya yi tayin tarar mina ɗaya, wato dirhami 100, abokansa suka tsaya masa ya ɗaga zuwa 30. Kuɗi ne masu yawa, dirhami 3,000, a zamanin da ladan ƙwararren ma'aikaci yake kusan dirhami ɗaya a wuni. Amma bakin alƙalami ya bushe. Ƙin amsa laifin da bai yi ba mutunci ne. Maganar ciyarwar nan kuwa, ko almajiransa sai sun yi aiki kafin su raba ta da tsokana.

Jirgin ibada da ake aikawa tsibirin Delos ya jinkirta kisan kusan wata guda, don ba a kisa sai ya dawo. A wannan tsakani abokinsa Kirito ya shirya kuɗin toshiyar baki da mafaka a yankin Tesaliya da ke arewacin Girka. Sukurat ya ce ya shekara 70 a ƙarƙashin dokokin Atina bai yi ƙaura ba, ba zai karya su ba don yau sun faɗo kansa. Da jirgin ya dawo aka miƙo masa kofin guba, ya sha, ya yi ta zagayawa har ƙafafunsa suka yi nauyi, sannan ya kwanta.