Rabon naman layya a gidanmu na Argungu

Yau kashegarin Babbar Sallah, da hantsi aka sauke ragunan da suka kwana a jikin tareni, ƙamshin hayaƙi ya cika tsakar gida. Inna, kakarmu, ta zauna kan tabarma, babban faranti a gabanta, jikoki sun kewaye ta kowa riƙe da kwano. Baffa yana yanka, ita kuma tana faɗin gidan da za a kai: wannan na liman, wannan na gidan masuntan da ke sauke mu in mun je Matan Fada, bakin kogin da ake bikin kamun kifi, wannan na surukan Gwaggo a Birnin Kebbi. Ba takarda a hannunta, gida sama da 20 duk a kanta suke. Can ta kira sunan aminiyarta ta ƙuruciya, sai ta yi shiru, wuƙar Baffa ma ta tsaya. Watan azumin bana matar ta rasu. Inna ta goge ido da bakin zane, ta ɗauki cinya guda ta sa a kwanona, ta ce, "Tashi ki kai ma jikokinta, kada su ce daga kakarsu ta tafi mun manta ƙofar."

Na kai. Yarinyar da ta karɓa ta durƙusa har ƙasa, ta kasa cewa komai. Tun da na dawo zuciyata ba ta kwanta ba, gobe Lahadi kowa zai kama hanyar Kano da Abuja. Rabin gidajen da Inna ta lissafa yau, wallahi ban san ko hanyarsu ba.