Yashi cike da silikon, masara kuma tana kwanciya

A gonakin jigawa da ke kewayen Garwa, a arewacin Kamaru, silikon ba ya ƙaranci, domin yashin kansa silikon ne haɗe da iskar oksijin. Matsalar ita ce saiwar masara ba ta shan sa sai ya narke a ruwan ƙasa, yashi kuwa da ƙyar yake narkewa. A nan ne wasu bakteriya na ƙasa, irin su Bacillus mucilaginosus, suke aikinsu. Suna zama jikin saiwa, suna fitar da ruwa mai tsami da wani abu mai yauƙi, waɗanda ke cin ma'adinan laka sannu a hankali har silikon ya saku, sau da yawa tare da fotash.

Idan masara ta sha, silikon yana taruwa a fatar ganye da kara. Kara ya yi tauri, iskar Agusta ba ta saurin kwantar da shi, tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta shigo Afirka a 2016 kuma tana shan wuyar tauna ganyen. Amma silikon ba ya maye gurbin feshi idan tsutsa ta yi yawa.

Mai son gwada garin bakteriyar da ake sayarwa a leda ya duba ranar ƙarewar wa'adinsa. A narkar da sukari giram 100 a ruwa lita 1, ko ɗan ƙaro, a yayyafa wa iri har ya yi danshi kawai, a zuba garin gwargwadon abin da aka rubuta a leda, a cakuɗa. A shanya a inuwa, a shuka ran nan a ƙasa mai laima. Yawancin asara daga rana take: ledar da ta yini a rumfar kwano cikin zafin Afrilu, ko irin da aka baza a tsakar gida, bakteriyarsa sun mutu. Irin da aka riga aka shafa wa jan magani ma yana iya rage su.

Ni a ganina abincin bakteriyar ya fi sayen su muhimmanci. Ƙasar da ba takin shanu, ana kuma kwashe kara kaf, ba za ta riƙe su ba. Masu kusa da Yagwa da Maga suna da ɓuntun shinkafa, tokarsa kuwa mafi yawanta silikon ne haɗe da oksijin, ana iya zuba ta a gona. Sai dai a ƙona shi a hankali, wuta tana ci a lulluɓe. Idan zafin ya yi tsanani sosai, tokar takan sandare ta ƙi narkewa kamar yashin. Ko garin ne ko tokar, a fara gwaji da kunya goma, a bar goma kusa da su ba komai, a kwatanta lokacin da masara ta fitar da goyo.