Abin da aikin rediyo ya koya mini game da jita-jita a Damagaram

Duk wanda yake Damagaram ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 ba zai manta da yadda zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe ba, har aka ƙone majami'u da cibiyar al'adun Faransa, aka kuma rasa rayuka. Fushin jama'a yana da tushe, amma waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsa maƙwabtanmu ne da muke cin kasuwa ɗaya da su. A watan Fabrairu kuma Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, tsoro ya ƙara shiga zukata.

Tun daga lokacin nake lura, a aikina na gabatar da shirin da masu sauraro ke bugo waya, cewa ƙaryar da ta fi ratsa gari ita ce ta saƙon murya a WhatsApp, domin ba ta buƙatar mutum ya iya karatu, kuma da Hausa take zuwa, daga wayar ɗan'uwa ko abokin fada, wato dandalin hirar matasan unguwa. Tsohon bidiyo na wata ƙasa sai a ce jiya aka ɗauke shi a hanyar Diffa, wa'azin malami kuma a yanke shi a daidai inda zai harzuƙa matasa. Babban abin da na fahimta shi ne yawancin masu turawa ba mugaye ba ne. Uwar da ɗanta ke tuƙin mota zuwa Agadez tana turawa ne saboda fargaba, kuma idan aka kunyata ta a gaban jama'a, sai ta ƙara riƙe labarin.

Shi ya sa nake ganin dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019, komai amfaninta, ba za ta yi aikin da amana ke yi ba. Gyara ya fi karɓuwa idan ya fito daga bakin limamin unguwa ko shugaban fada, cikin ladabi, tare da tunatarwar aya ta 6 a Suratul Hujurat kan binciken labari kafin a yi aiki da shi.

Abin da ke ƙarfafa mini gwiwa shi ne yanzu matasa daga unguwannin Birni, Zango, har da Kara-Kara da ake yi wa kallon unguwar rikici, sukan bugo su ce: "Malam, an turo mana wani saƙo, a bincika mana kafin mu tura." Mukan nemi wanda ke wurin da aka ambata, mu sa muryarsa a shirin gobe, su kuma su mayar da ita cikin rukunin da ƙaryar ta fito.