Maganin homon a shekarun girma: rabin aikin yana hannun mai amfani da shi

Mace idan al'adarta ta ɗauke, galibi a kusa da shekara 51, jikinta yana rage samar da istrojin sosai, wato ɗaya daga cikin homon, sinadaran da jiki ke fitarwa don tafiyar da ayyukansa. Shi ake mayar mata da maganin homon. Idan mahaifarta na nan, dole a haɗa mata da wani homon ɗin mai suna furojestaron, domin istrojin shi kaɗai yana sa bangon cikin mahaifa ya yi ta kauri har ya iya rikiɗewa zuwa ciwon daji. Namiji kuwa testostaron, homon ɗin maza, ake ba shi, kuma sai an auna jininsa da sassafe sau biyu an tabbatar ya yi ƙasa. Wannan duk aikin likita ne. Amma ko maganin zai karɓi jiki, ko zai zo da illa, ya danganta ƙwarai da yadda mutum ke tafiyar da rayuwarsa ta yau da kullum.

Babban abin tsoro shi ne daskarewar jini a jijiya. Ƙwayar istrojin da ake haɗiya tana bi ta hanta, hanta kuma sai ta ƙara fitar da sinadaran da ke sa jini ya daskare. Shi ya sa likitoci suka fi son filastar mannawa ko man shafawa ga mace mai ƙiba ko mai yawan ciwon ɓarin kai, don waɗannan suna shiga jini ta fata ba tare da sun fara ratsa hanta ba. Taba sigari ita ma tana ƙara wannan haɗari, ga shi tana sa jiki ya lalata istrojin da wuri, wato ana shan magani ana zubar da amfaninsa. Barin ta shi ne gyara mafi girma da mai maganin homon zai iya yi wa kansa. Barasa kuma tana ƙara haɗarin ciwon dajin nono, kuma wannan ƙari ne a kan wanda maganin kansa ke iya kawowa idan an daɗe ana amfani da shi. Tun bayan babban binciken lafiyar mata da aka tsayar da wani sashe nasa a Amurka a 2002 mutane ke ɗari-ɗari da maganin. Sai dai matsakaicin shekarun matan wancan bincike 63 ne, kuma nazarin da ya biyo baya ya nuna amfani ya fi rinjaye ga wadda ta fara kafin shekara 60, ko cikin shekara 10 da ɗaukewar al'ada.

Zama wuri ɗaya na tsawon lokaci ma abokin daskarewar jini ne. A doguwar tafiya a miƙe a taka duk bayan awa ɗaya ko biyu, a sha ruwa. Idan za a yi tiyata, a gaya wa likita tun da wuri cewa ana kan maganin. Sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya fara sarƙewa ba gaira ba dalili: wannan na asibiti ne nan take, ba na jiran gobe ba.

Mata da yawa kan ce maganin bai yi musu aiki ba, alhali wani lokaci wurin sa shi ne kuskuren yake. Filasta ana manna ta ƙasa da cibiya, a mara ko a ɗuwawu, ba a kan nono ba. Fatar ta kasance busasshiya, babu mai babu hoda, in ba haka ba gefenta zai ɗaye, maganin ya ƙi shiga. A danne ta da tafin hannu kamar daƙiƙa goma, kuma duk canji a sake mata wuri don kada fata ta yi ja. Man shafawa kuwa a shafa shi siriri, a bar shi kamar minti biyar ya bushe kafin a sa tufafi, sannan a wanke hannu da sabulu. Wannan ya fi muhimmanci ga maza masu man testostaron, domin yana iya gogar fatar yaro ko ta mata ya shiga jikinsu. Furojestaron na haɗiya da dare ake shan sa, saboda yana kawo barci.

Istrojin yana rage zaizayar ƙashi, amma ba ya gina tsoka, kuma tsoka ce ke hana faɗuwar da ke karya ƙugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'aunin minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, irin tafiyar da za a iya magana a cikinta amma ba za a iya rera waƙa ba. A kan wannan akwai kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Nan ne aka fi yin sakaci, mutum ya wadatu da tattaki kawai. Ƙashi sai ya ji nauyi yake ƙara ƙwari: tashi da zama daga kujera ba tare da dafa hannu ba, sau 10 zuwa 12, a huta, a maimaita har zagaye uku, hawa bene, ɗaga nauyi daidai ƙarfi ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Wanda ya kai 65 ya ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako, kamar tsayawa da ƙafa ɗaya kusa da bango.

Tsoka tana buƙatar furotin, kimanin giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyin jiki, wato giram 70 zuwa 84 ga mai kilo 70, a rarraba a duk abincin yini. Mai ciwon ƙoda ya fara tambayar likitansa. Kalsiyam kuwa, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, miligiram 1,200 a rana ake so ga macen da ta haura 50, kofin madara ɗaya yana ba da kusan 300. Idan ƙwaya za a sha, kada ta wuce miligiram 500 a lokaci guda, don hanji ba ya tsotse fiye da haka da kyau. Mai shan maganin levotiroksin na matsalar tayroid (wani ƙullutu a wuya mai fitar da homon) ta raba shi da ƙwayar kalsiyam ko ta ƙarin jini da awa huɗu, kuma ta sake awon tayroid bayan fara ƙwayar istrojin, domin tana iya sa a buƙaci ƙarin adadin levotiroksin ɗin.

Ga namiji, tumbi abokin gaba ne, don kitse yana juya testostaron ya koma istrojin. Maganin testostaron yana ƙara kaurin jini, shi ya sa ake auna yawan jajayen ƙwayoyin jini, idan ya haura kashi 54 cikin ɗari na jinin a rage maganin ko a tsayar. Mai minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci a duba shi kafin ya fara. Wanda har yanzu yake son haihuwa ya sani maganin yana rage ƙwayoyin haihuwa da ke cikin maniyyi.

Zubar jini jefi-jefi a watannin farko ba baƙon abu ba ne ga mace. Idan ya wuce wata shida bai tsaya ba, ko ya dawo bayan ya ɗauke, a je a duba mahaifa. A riƙa auna hawan jini, kada a tsallake hoton nono idan lokacinsa ya yi, kuma a zauna da likita bayan wata uku da farawa, daga nan kuma sau ɗaya a shekara, a sake duba adadin da ake amfani da shi.