Asabar a ajin sababbin masu bi: darasin dogara ga Allah

Asabar, tsakiyar Agusta.

Ruwan asuba ya hana ajin farawa da ƙarfe 8. Sai wajen 9 da rabi aka haɗu, mutum 14 cikin 19, sauran suna gona suna zuba taki tun ƙasa na da laima. Mun zauna a ƙaramin ɗakin bayan majami'a, domin 'yan Zumuntar Mata sun riga sun kama babban ɗakin da tulunansu suna koyon waƙar gobe. Ina rubuta darasin yau dalla-dalla saboda wanda zai karɓi ajin a zango mai zuwa, kada ya fara lalube daga tushe.

Tambayar da aka buɗe da ita, mene ne bambancin bangaskiya da dogara? An yi ta zagaye, har wani dattijo da ya shigo fakewa ya warware mana. Ya ce duk wanda ya tsaya a bakin rijiya zai iya yarda cewa igiya tana da ƙarfi, amma mai yasar rijiya ne kaɗai yake ɗaura ta a ƙugu ya sauka gaba goma. Wancan ya gaskata, wannan ya dogara. Kuma mai yasa ba ya sauka da igiyar da bai taɓa jarrabawa ba. A nan darasin ya tsaya: dogara aba ce da ake ginawa tun ana zaune lafiya, ba a fafe gora ranar tafiya.

Romawa 10:17 ta ce bangaskiya daga ji take samuwa, saboda haka da karatu aka fara. Littafi Mai Tsarki littattafai 66 ne, sura 1,189, Tsohon Alkawari 929, Sabon Alkawari 260. Mai son gamawa cikin shekara sai ya ci sura 3 zuwa 4 kullum, kuma nan ne yawancin sababbin masu bi suke karyewa. Mutum ya ɗauki zafi ranar 1 ga Janairu, ya bi Farawa sura 50 da Fitowa sura 40 da gudu saboda labari ne mai daɗi, farkon Fabrairu ya faɗa Littafin Firistoci da ƙa'idodin hadaya da na kuturta. Ya tsallake kwana biyu, bashi ya zama sura 8, kunya ta kama shi, ya rufe littafin sai wata shekara. Laifin tsari ne, ba na zuciya ba.

Tsarin da muka ba su shi ne a fara da Markus, sura 16, rabin sura a rana, wata ɗaya ke nan. Daga nan Luka, a zarce Ayyukan Manzanni tunda marubucinsu ɗaya ne kuma labarin ɗorawa yake yi, sannan Yahaya, sannan gajerun wasiƙu irin su Filibiyawa da Yakubu kafin a tunkari Romawa. Wanda ƙafarsa ta zauna sai ya koma sura ɗaya a rana, Litinin zuwa Juma'a. Kwana 5 sau mako 52 ya ba da 260 cif, Sabon Alkawari ya ƙare cikin shekara, Asabar ta zama ranar cike giɓi. Wanda ya tsallake fiye da mako kada ya biya bashi, ya ɗora daga inda ya tsaya. Masu tsohuwar fassara ta 1932 da suka gada wurin iyaye, su riƙe ta da daraja, amma Hausarta ta dā ce, matasa su nemi sabuwar fassara don karatun kullum.

Minti 15 sun isa. Biyu na natsuwa da gajeriyar addu'a, takwas na karatu da murya ko da ƙasa-ƙasa ne, domin karatun zuci da asuba barci yake jawowa, biyar na tambayoyi uku: me wurin nan ya nuna game da halin Allah, akwai alkawari a ciki, me zan yi da shi yau. Waya tana nesa, ko a kashe data idan a cikinta ake karatun.

Ta biyu cikin tambayoyin nan uku, ta alkawari, ita ta ci mana kusan rabin lokaci, kuma ta cancanta. Ba ya isa a ce akwai alkawari, sai an tambaya ga wa aka yi shi, da wane sharaɗi. Dogarar mutane da yawa tana rushewa ne saboda sun riƙe Allah da maganar da bai faɗa ba. Irmiya 29:11, mai cewa nufin Allah gare ku na alheri ne, wadda ake mannawa a bayan mota, wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwashe bauta Babila, kuma aya ta 10 da ke gabanta ta gaya musu sai shekara 70 sun cika. Da yawa cikin waɗanda suka ji ta da kunnensu a can aka binne su. Alkawarin gaskiya ne, amma ba na biza a wata mai zuwa ba ne. Haka Filibiyawa 4:13, mai cewa zan iya yin kome ta wurin wanda yake ƙarfafa ni, Bulus yana ɗaure ya rubuta ta, kuma zancen da yake yi na iya zama da ƙoshi da yunwa ne. Dokar ajin daga yau: kada a haddace aya sai an karanta biyar na gabanta da biyar na bayanta.

Wata uwa da ke zaune kusa da ƙofa, goyon jikarta a baya, ta ɗaga hannu.

"Malam, ni fa ban yi boko ba. Duk lissafin nan na masu ido ne."

"Mama, ayar ta ce daga ji, ba ta ce daga karatu ba. Akwai mai waya a gidan?"

"Akwai ta yaron nan, ƙaramar."

Ƙaramar ta isa. Ana samun Sabon Alkawari na Hausa da murya, a zuba shi a katin waya, ba ya bukatar intanet. Sura ɗaya a saurare ta sau biyu, ta farko don labari, ta biyu don a kama jimla ɗaya. Jimlar nan ita ce ta mako, a yi ta maimaita ta wajen surfe da hanyar rafi. Aya ɗaya a mako ta ba da 52 a shekara, kuma a gaskiya irin waɗannan iyayen sun fi masu littafi riƙewa. Mun fara da Zabura 56:3, gajeriya ce, kuma tana da amfani saboda ba ta ce mai bi ba ya tsoro ba, cewa ta yi a ranar tsoro ga inda za a jingina.

Bayan hutun minti goma aka shiga addu'a. Kowa ya karɓi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare, aka ja layi uku a tsaye, gida huɗu ke nan: kwanan wata, roƙo, ayar da roƙon ya jingina a kai, abin da ya faru. Roƙon ya zama mai kai da ƙafa. "Ubangiji ka albarkace ni" ba a iya gane ranar da aka amsa shi. "Kuɗin makarantar yarinya kafin a koma hutu" ana iya ganewa. A gida na huɗu amsa uku ce take shiga: an bayar, an hana, ana jira. Ƙarshen kowane wata a zauna a bi shafukan daga farko. Dalilin littafin mantuwa ce. Mutum yana tuna abin da aka hana shi shekara goma, ya manta abin da aka ba shi cikin mako. Sama'ila dutse ya kafa ya sa masa suna Ebenezer, wato dutsen taimako, don wannan matsalar, 1 Sama'ila 7:12.

Kuskuren da ake yi shi ne a soke layin da aka hana, kamar abin kunya ne. Kada a soke. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya a jiki, ba a cire ba, aka ba shi alheri, 2 Korantiyawa 12:8-9. A kan "ana jira" kuwa na ba su labarin da ya shafi ƙasar nan. A 1893 samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin kawo bishara cikin ƙasa. Cikin 1894 Gowans da Kent suka rasu. Bingham ya koma gida, ya sake gwadawa ciwo ya kora shi, sai a karo na uku aikin ya samu wurin zama a Patigi. Daga wannan aikin ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Da biyun farko suna da irin littafinmu, da gida na huɗu a buɗe suka bar shi.

Wani matashi ya ce shi in ransa ya ɓaci ba ya iya addu'a, yana jin kamar rashin kunya ne ya yi wa Allah ƙorafi. Muka buɗe Zabura 13. Aya 6 ce kacal: biyu na farko kuka ne, "har yaushe" sau huɗu, biyu na tsakiya roƙo, biyu na ƙarshe dogara. A bi ta a haka, kada a tsallaka zuwa ƙarshe don a nuna ƙarfin hali. Zabura 88 ma da duhu ta rufe, ba a cire ta daga littafin ba. Uban yaro mai aljanin nan a Markus 9:24 a numfashi ɗaya ya furta gaskatawa da rashin gaskatawa, Yesu bai kore shi ba. Shakkar da aka faɗa tana warkewa. Wadda aka binne ita ce kamar ƙuduji a gonar dawa, tana maƙale da saiwa tana tsotsa tun ba a ganin ta, kafin furenta ya fito ɓarna ta riga ta yi nisa.

Sashen ƙarshe shi ya fi zafi, jabun dogara. Mafi haɗari a wannan wata na sauro shi ne sakaci da aka yi wa rigar bangaskiya. Yaro na zazzaɓi kwana uku ana ta shafa mai ana "muna gaskatawa". A'a. A yi addu'a a hanyar asibiti, a yi gwaji, in maleriya ce a shanye maganin kwana 3 duka ko da jiki ya yi sanyi a rana ta biyu. Mai hawan jini ko ciwon suga kada ya ajiye magani don an ɗora masa hannu, likita ne zai auna ya ce a rage. Ishaya da kansa ya ce a ɗora wa Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa, 38:21. Nehemiya ya yi addu'a ya kuma sa masu tsaro dare da rana, 4:9. Shaiɗan kuma da aya ya ce wa Yesu ya diro daga kan Haikali, amsar tana Matiyu 4:7. Wani ya jefo "Allah ya ce tashi in taimake ka", aka yi dariya, na ce karin maganar Hausa ce mai kyau amma kada ya tashi gobe ya ce aya ce, ba ta cikin littattafan 66.

Sai ciniki. Ka ba da kaza Allah ya ninka maka, ka sayi ruwa ko hankici ko kwalbar mai a kan farashi. Abin da yake sa wannan ya yi kasuwa talauci ne da ciwo, ba wauta ba, saboda haka ban yarda a yi wa waɗanda suka faɗa ba'a ba. Amma ƙarshensa ɗaya ne, kuɗi ya tafi, abin bai zo ba, a ce wa mutum bangaskiyarsa ce ta kasa, ya dawo gida da hasara biyu. Bitrus ya tsawata wa Siman da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi, Ayyukan Manzanni 8:20. Baiko da zakka godiya ce, ba adashi ba. Ma'aunin da na ba su na mutanen Biriya ne a Ayyukan Manzanni 17:11, duk wa'azin da aka ji a koma gida a duba ko haka yake a rubuce. Abokan Daniyel uku a gaban tanderu sun ce Allah yana da ikon ceto, suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Mai ciniki ba ya iya furta wannan rabin na biyu.

Kan laya da zuwa wurin boka ban tsawaita ba, domin ba magana ce ta cikin taro ba. Kowa ya san ba ranar Lahadi ake gane ta ba, sai ranar da haihuwa ta ƙi ko aka yi mafarki mai ban tsoro. Tona asiri a gaban jama'a sai dai ya sa a ƙara ɓoyewa. Na ce duk mai irin wannan ajiya ya sami fasto ko dattijo ɗaya a keɓe, su yi addu'a, shi da hannunsa ya fitar.

Kafin a tashi aka haɗa su biyu-biyu, maza da maza, mata da mata, kuma ba miji da mata ko mai gida da yaronsa ba, don kada kunya ko tsoro su rufe baki. Rabin awa a mako, tambaya uku: me ka karanta, me ke damun ka, me zan roƙa maka. Abin da yake kashe wannan tsari gulma ce da ake kira "mu tuna da wane cikin addu'a". Sharaɗi, abin da aka faɗa ya tsaya tsakanin biyun, sai fa in akwai haɗari ga rai ko cutar da yaro, nan kam a kai wa fasto ranar.

Ƙarfe 12 saura aka rufe da Addu'ar Ubangiji. Mutum biyar na gona ba su samu littafin rubutu ba, za a ba su gobe bayan sujada. Katin wayar Mama yana hannun sakataren matasa, ya ce Talata zai kai mata. Wani magidanci da ambaliya ta kwantar masa da masara a fadama ya tsaya a baya ya tambaya ko a wane gida zai rubuta wannan, tunda ya roƙi ruwa kuma an bayar. Na ce ya bar gidan a buɗe, ya karanta Habakkuk 3:17-19 cikin makon nan, Asabar mai zuwa da ita za mu fara. Sunansa kuma ya shiga takardar kwamitin taimako, za su zauna Laraba da yamma.