Launin Tsohuwar Azurfa: Na Shekaru Ko Na Hannu?

Abu mafi wuya da na koya a rumfar maigidana a Kasuwar Kurmi, inda muke sayar da kayan tarihi, shi ne bambance launin da shekaru suka ɗora wa tsabar azurfa da wanda mutum ya ɗora mata da gangan. Masu tara tsofaffin kuɗi suna biyan ƙari a kan sulen da ya rine da kyau, shi ya sa 'yan algus suka shigo harkar.

Asalin launin ba tsatsa ba ne. Azurfa ce take haɗuwa da farar wutar da ke cikin iska ko takarda ko jemammiyar fata, sai wani siririn shafi ya kwanta a fuskarta, kuma yayin da shafin yake ƙara kauri launin yakan tashi daga ruwan ɗorawa zuwa ja-ja, sannan shunayya da shuɗi, har ya ƙare a baƙi. Mai algus ma da farar wutar yake aiki, ko dai ya rufe tsabar tare da dafaffen ƙwai ko ya gasa ta, ya samu cikin yini abin da ajiya take yi cikin shekaru. Tun da sinadarin ɗaya ne, launi shi kaɗai ba ya zama shaida.

Saboda haka maigidana ya fara koya mini sanin ƙarfen. Sule da dala (wato sule biyu) na Afirka ta Yamma da aka fara bugawa a 1913 azurfa ce mai kyau, amma a 1920 aka koma gamin tagulla, wanda ba ya rinewa irin ta azurfa. Liyari kuwa, mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, an ci gaba da buga shi da shekarar 1780 har bayan rasuwarta da daɗewa, don haka shekarar ba ta nuna tsufansa.

Sai kuma duba, wanda nake yi a hasken rana da gilashin ƙara girma, ina juya tsabar a hankali. Launin ajiya yakan faro daga baki ya shigo ciki, launukan suna bin juna a jere ba tare da tsallake ba. Yakan yi duhu a lungunan rubutu, ya yi haske a tudun da yatsu suke gogewa, kuma ƙyallin da tsabar ta fito da shi ranar da aka buga ta yana nan a ƙarƙashinsa. Na hannu yakan kwanta bai ɗaya a tudu da kwari kamar fenti, shuɗinsa ya cika ƙarfi, wani lokaci har da dabbare-dabbaren da ruwan magani ya bari. Abin da ya fi ba ni tabbaci shi ne ƙarzuna: in na ga launi ya rufe sababbin layukan goga, to an wanke tsabar ne sannan aka rina ta don a ɓoye wankin. Maigidana yakan ce, "Yaro, tambayi kwabon inda ya kwana." Wanda ya daɗe a jakar fata ko a naɗe cikin tsumma yakan nuna alamar haka, sau da yawa fuska ɗaya ta fi ɗaya duhu.

A Kano akwai wata matsala tamu ta daban. Iyayenmu mata sun yi ado da sulalla, suna wanke su da toka da lemon tsami, sannan su ajiye su shekaru su sake rinewa da kansu. Ni ban ɗauki wannan a matsayin algus ba, domin babu niyyar yaudara, amma fuskar tsabar ta riga ta ci wanki, kuma haƙƙin mai saye ne ya sani. Ko kamfanonin tantancewa na Amurka irin su PCGS sukan ƙi ba tsaba daraja in launinta abin shakka ne. A rumfarmu, irin wannan muna yi mata kuɗi gwargwadon azurfarta da lafiyar rubutunta, mu nuna wa mai saye layukan wankin da gilashi kafin a yi ciniki.