Ranar da na shiga La Marmotte, kilomita 174 a kan keke cikin duwatsun Faransa

Wallahi abun da ya kusa kayar da ni a La Marmotte shi ne wannan hanyar kwarin Maurienne, wadda idan ka ganta za ka ce shimfiɗaɗɗiya ce, ko yaro zai tuƙa keke a kanta. Nan na ɓata tseren nawa tun kafin in ga Galibier, dutsen da ya fi tsawo a hanyar, da idona, kuma sai bayan awa biyu jikina ya fara gaya min.

Bari in ɗan koma baya. Ni ɗan Damagaram ne, karatu ya kawo ni garin Grenoble a Faransa na zauna nan da aiki, keke kuma tun ina yaro nake hawa amma irin hawanmu na gida, aike da kasuwa da makaranta. A nan na tarar mutane sun ɗauki keke kaman addini, garin duwatsu ne suka kewaye shi ta ko'ina, ranar lahadi da safe za ka ga har tsofaffi masu furfura suna hawa Chamrousse ko Col de Porte. Na shiga wani ƙaramin kulob, shekara biyu ina binsu a baya, sai wani dattijo a cikinmu wanda ya yi wannan tseren sau da dama ya ce min in gwada. La Marmotte tun 1982 ake yinta, ta 'yan sha'awa ce ba ta ƙwararru ba, mutane dubbai ne ke zuwa daga ƙasashe daban daban. Ana tashi daga garin Bourg-d'Oisans a hau duwatsu huɗu, a hau Glandon, a sauko kwarin Maurienne, a hau Télégraphe, a hau Galibier, a sauko a ƙarasa da Alpe d'Huez, jimillar hawan kusan mita 5,000 a wuni guda. Na karɓo takardar likita, na biya kuɗin rajista, na yi wata shida ina atisaye.

Daren ranar ban yi wani barcin kirki ba. Na yi asuba, na tura shinkafa da ƙyar dan cikina ya ƙi karɓa, da sassafe muna tsaye a layi cikin sanyi ana sallamarmu rukuni rukuni. Dattijon nan ya dafa kafaɗata ya ce ɗana, duk wanda ya wuce ka a Glandon ka ƙyale shi, ka ci abinci tun ba ka ji yunwa ba. Na ce to Baba, dan haka nake kiransa kuma yana jin daɗin sunan. Na ji maganar da kunne amma ba ta shiga ba.

Glandon mita 1,924 ne, hawansa ba ya tafiya daidai, ka wuce Allemond ka shiga daji ya miƙe tsaye, bayan Le Rivier sai ya ɗan sauka ya sake tashi da ƙarfi, sannan ka bi gefen madatsar ruwan Grand'Maison inda wajen ya buɗe, ruwan kore shar, ciyawa har saman dutse. Ƙafata sabuwa ce, jini na tafasa, sai wuce mutane nake ina jin daɗi, agogon da ke auna bugun zuciyata yana nuna min na haura inda ya kamata amma na kawar da kai. Gangarar Glandon kuwa ba a lissafa lokacinta sam, masu shiryawa sun tsayar da agogo a wajen saboda hatsarin da aka sha yi, hanyar siririya ce ga kwana masu kaifi. Wannan tsari ni na yaba masa ƙwarai, dan na ga yadda wasu ke sakin birki kaman suna da rai biyu.

To sai kwarin. Wajen kilomita ashirin ne da ɗoriya zuwa Saint-Michel-de-Maurienne, a ido a kwance take amma a hankali hawa take yi, ga iska tana bugo ka ta gaba ga rana ta fara zafi. Dabarar wajen ita ce ka laɓe a bayan ayari su tare maka iska. Ni kuma sai wani ayari mai gudu ya zo wucewa na maƙale musu, mutanen da suka fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, ina haki ina cije baki dan kar su bar ni, hannuna bai samu sakin kan keke ba balle in ciro dabinon da ke aljihuna, gorar ruwana ma sau biyu kawai na taɓa ta. Minti arba'in ko fiye ina ƙona abun da ya kamata in ajiye wa Galibier. A lokacin gani nake riba nake ci.

Télégraphe kilomita 12 ne cikin bishiyoyi, na haye shi ba laifi duk da ƙafar ta fara nauyi. A Valloire akwai wajen abinci, cunkoso ba a magana, na samu gefe na haɗa azahar da la'asar a matsayina na matafiyi, na ci ayaba da burodi da cuku, na sha wani ruwan sukari mai kauri da ake sayarwa a 'yar leda wanda ban taɓa gwadawa a atisaye ba. Kuskure na biyu kenan. Cikina ya murɗa tun kafin in bar garin.

Galibier, Allah Sarki. Daga Valloire kusan kilomita 18 ne zuwa sama, mita 2,642, kuma wanda bai taɓa zuwa ba ba zai gane abun da ake nufi da Plan Lachat ba, inda hanyar ke karya dama ta tsallake rafi ka ɗaga kai ka ga mutane can sama kaman tururuwa a jikin bango, saura kilomita 8 kuma su ne masu ɗacin. Babu bishiya ko ɗaya, duwatsu ne tsirara da ragowar ƙanƙara a gefe a tsakiyar lokacin zafi, numfashi ba ya isa ƙirji. Nan yunwar ta same ni, irin wadda ba a ciki ake jinta ba, a ido da gwiwa ake jinta, gani na ya fara dishi dishi, na saka giyar da ta fi kowacce sauƙi, haƙora 34 a gaba 32 a baya, ina ta laluben wata babu. Na sauka na zauna a kan dutse ina rawar sanyi. Wata mata da ba zan sake ganinta ba har abada ta tsaya ta miƙo min biskit mai gishiri guda biyu ba ta ce komai ba ta wuce. Na ci, na ci dabino bakwai a jere, na zauna minti goma sha biyar ina istigfari har duniya ta dawo daidai. Da ƙafa na tura keken wani wajen, ban ji kunya ba kuma har yau ba na ji.

A sama na saka rigar iska, da ban ɗauko ta ba da ban san yadda zan sauko ba dan yatsuna sun ƙage a kan birki har mashigar dutsen Lautaret. Daga nan gangara ce mai tsawo ta La Grave da ramukan da aka fasa cikin dutse, duhu ga motoci, fitilar bayan keke ta yi min rana sosai. Duk tsawon gangarar ci nake ina sha, abun da ya kamata in yi tun safe.

Na iso gindin Alpe d'Huez kafin wa'adin da masu shiryawa suka sa ya cika, amma ba da rata mai yawa ba. Mutane da yawa a nan suke ajiyewa kuma ban ga laifinsu ba. Kilomita 13.8, kwana 21, kowace kwana da allonta ana ƙirgawa daga 21 zuwa 1 da sunayen waɗanda suka taɓa cin matakin Tour de France, babban tseren keken ƙwararru na Faransa, a wajen. Kwanonin farko har zuwa ƙauyen La Garde su suka fi tsayuwa, bangon dutsen ya sha rana yana dawo maka da zafi kaman bakin murhu. Na yi wa kaina alkawari ba zan kalli sama ba, allo ɗaya kawai zan nema, in na same shi in nemi na gaba. Na tsaya a 16 na zuba ruwa a kai, na tsaya a 11 jijiyar cinyata ta ɗaure sai da na miƙe ta a jikin katanga, na tsaya a 7 gefen coci, daga nan ban ƙara sa ƙafa a ƙasa ba.

Awa goma sha ɗaya da wani abu na yi. Baba ya riga ni da kusan awa biyu, mutumin da na wuce a Glandon ina ganin ya tsufa, yana tsaye a bakin layi da bargo a hannu ya yafa min ya ce ka ci abinci a kwarin? Na ce a'a Baba. Ya gyaɗa kai kawai ya je ya karɓo min farantin taliya.

Tun daga lokacin agogona na ƙara duk minti ashirin in na fita atisaye, ko ina jin yunwa ko ba na ji sai na jefa dabino biyu a baki, na kuma canza giyar baya zuwa mai haƙora 34. Rajistar baɗi na jira a buɗe.